Harafin L da yawancin direbobi ba sa taɓawa

Yawancin motocin Beljiyam da suka cika titunanmu masu canja giya da kansu ne. Direba ya san P ta ajiye mota, R ta ribas, N ta firi, D ta tafiya. Amma a ƙasan D akwai 2 da L, a wasu motocin har da 3, kuma mutum zai shekara goma da mota hannunsa bai kai wurin ba. Ranar da damina ta jiƙa hanyar ƙauye, ko rairayi ya riƙe taya, ranar ce ake biyan kuɗin wannan rashin sani.

Don kwalta aka tsara D. Aikinta ta hau babbar giya da wuri domin a rage shan mai. A cikin yashi wannan dabarar ce ke cutar da mota. Taya ta fara juyawa a banza, giyabos ya ɗauka gudu ake yi, ya ƙara giya, ƙarfi ya ragu, mota ta nutse, sai ya sake saukowa. Haka zai yi ta kai da kawowa.

Ɓarnar da ke cikin wannan ba a ganinta da ido. Motar otomatik ba ta da kulocin ƙafa. Abin da ke haɗa injin da giya wani kasko ne cike da man giya, a cikinsa akwai abubuwa biyu masu kama da fanka suna fuskantar juna. Injin ya juya ɗaya, ita ta watsa mai, man ya tura ɗayar. Idan mota tana fama da nauyi a giyar da ta fi ƙarfinta, ta farko tana gudu, ta biyu tana jan ƙafa, kuma ƙarfin da ya ɓace tsakaninsu zafi yake komawa. Man ya yi baƙi, ya fara warin ƙuna, bayan 'yan watanni makanike ya ce sai an sauke giyabos. Idan direba ya sa 2 ko L, ya hana wannan canje-canjen, injin yana juyawa da kuzari, taya tana tafiya a hankali da ƙarfi.

Sai dai L ba maganin kowace hanya ba ce. A rairayi mai laushi ƙarfinta kan yi yawa, ana taka totur taya ta haƙa wa kanta rami. A nan 2 ta fi dacewa, da totur daidai wa daida, ba a ɗaga ƙafa ba, ba a danna da fushi ba. Direbobin Hilux da ke ratsa Tenere daga Agadas zuwa Dirku sukan rage iskar taya kafin su shiga yashi, domin taya ta baje ta hau bisa maimakon ta yanka ciki. In mota ta riga ta kafe, ƙara wuta ƙara binne ta ne. A sauka a yashe gaban tayoyin.

Inda na fi damuwa shi ne gangara. Wanda ya sauko daga tsaunin Mambila zuwa Mayo Selbe ya san yadda kwana ke bin kwana. A D mota sakin jiki take yi, nauyinta duka ya koma kan birki. Birki kuwa gogayya ce, gogayya zafi ce. Man birki nau'in DOT 3 sabo yana jure zafin da ya kai digiri 205, amma idan ya tsufa ya sha danshi yana iya tafasa a wajen digiri 140. Da ya tafasa sai ka taka ka ji ƙafarka ta tafi ƙasa babu komai. A L injin ne ke riƙe motar, birki kuma ana ɗan taɓa shi ne a sake. Tun daga saman gangara ake rage gudu a sa giyar, kafin mota ta ɗauki hanya. Masu sa firi a gangara don tsimin mai kuwa sun raba injin da tayoyi, sun bar rayukan fasinja a hannun birki kaɗai.

Kada a haɗa L da 4L da ke cikin motoci masu fowil irin su Land Cruiser. 4L wata giya ce daban a bayan giyabos, tana ninka ƙarfin jan mota kusan sau biyu da rabi, ta rage gudu daidai da haka. Ita ake nema a hawan dutse ko taɓo mai zurfi. Sai an tsaya cak an sa N kafin a shigar da ita. A Hilux, da zarar an dawo kan busasshiyar kwalta a fitar da fowil ɗin gaba ɗaya, domin a kwana tayoyin gaba da na baya ba nisa ɗaya suke ci ba, kuma kwalta ba ta barin taya ta zame ta sauke wannan matsin.