Sanya Mazauna Cikin Shirin Tsaron Unguwarsu: Darasi Daga Garuruwa Biyu na Amurka

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce nuna cewa shirin tsaron unguwa yakan yi ƙarko ne idan an sa mazaunanta cikin shawara tun daga tushe. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Domin gwada gaskiyar wannan magana za mu duba misalai biyu daga ƙasar Amurka, watau rukunin gidajen Pruitt-Igoe da unguwar Five Oaks.

2.0 Gidajen Pruitt-Igoe

A tsakiyar shekarun 1950 hukuma ta gina wa marasa ƙarfi dogayen benaye 33 a birnin St. Louis, kowanne mai hawa 11. Ba a yi shekara 20 ba wurin ya zama kufai saboda sata da ƙwace da ɓarna, har aka fara rushe shi a 1972. Dalilan faɗuwarsa suna da yawa, ciki har da wariyar launin fata da rashin kuɗin gyara. Amma wani masanin zanen gine-gine, Oscar Newman, ya lura da wani abin daban. Inda iyali biyu kaɗai suke tarayya a sararin bakin ƙofa, wurin yakan kasance tsaf. Inda kuwa iyalai masu yawa suke bin baranda ɗaya da matakala ɗaya, ba mai iya rarrabe baƙo da ɗan gida, saboda haka ba mai tsawatawa. Wannan ne tushen littafin da ya fitar a 1972, inda ya nuna cewa mutum yakan kare wurin da yake jin nasa ne.

3.0 Unguwar Five Oaks

Shekara 20 bayan haka aka jarraba wannan ra'ayi a Five Oaks, a birnin Dayton na jihar Ohio. Motoci sun mai da titunan unguwar hanyar yanke zuwa tsakiyar gari, masu sayar da ƙwaya kuma suka sami kasuwa, domin mai saye yana iya shiga ta nan ya ɓulle ta can. Da aka gayyato Newman, sai aka yi ta zama da mazauna, su ne kuma suka taimaka wajen shata iyakokin ƙananan unguwanni da zaɓar titunan da za a toshe. A 1992 aka kafa ƙofofin ƙarfe waɗanda suke tare mota amma su bar mai tafiya a ƙasa ya wuce, ana kuma iya buɗe su idan wani haɗari ya taso. Bisa ga alƙaluman da Newman ya bayar, cikin shekara guda laifuffuka sun ragu da kashi 26 cikin ɗari, na zub da jini kuma da kashi 50.

Sai dai a yi hattara. An soki shirin da cewa toshe titi yana iya kora laifi zuwa maƙwabta, ko ya zama katangar raba masu hali da talakawa. Abin koyi a nan shi ne hanyar da aka bi aka yanke shawara, domin ƙofar da mazauna suka zaɓa da kansu su ne za su kula da ita.

4.0 Matakan Shawara

Ba kowane taro ne shawara ba. A 1969 Sherry Arnstein ta kwatanta sa hannun jama'a da tsani mai mataki 8. A ƙasansa ana tara mutane ne don su yi na'am da abin da aka riga aka ƙulla. A tsakiya ana jin bakinsu amma ba dole a yi aiki da shi ba. A sama kuwa suna da iko a kan hukunci da kuɗi. Daɗin daɗawa, wajibi ne a tambayi su wa suka halarta. Matar da take zuwa ɗebo ruwa da asuba ta san lungun da ba fitila, yaro kuma ya san mararrabar da mota take firgita shi. In magidanta kaɗai aka kira, rabin labari aka ji.

5.0 Kammalawa

Wannan darasi ba baƙo ba ne a wurinmu. A tsohon tsarin garuruwan Hausa zaure da dakalin ƙofar gida da dandali sun sa ido a kan hanya, mai unguwa kuma ya san baƙon da ya sauka. Tambayar da muke ajiyewa gaban mahalarta ita ce: a sababbin unguwannin da ake yankawa, inda kowa yake kewaye gidansa da doguwar katanga, wa aka tuntuɓa kafin a ja layin titi, wa kuma zai ga abin da ke faruwa a kansa?