Gawayin Totuwa Yana Gyara Ruwan Sha

Mai gida, idan an gama sussukar masara, ina kake kai totuwar? Yawancinmu murhu ko juji. To, ka ajiye ta, tana da aiki.

Ni ma'aikacin ɗakin shan magani ne. Da bazara, sa'ad da rijiyoyi suka ja baya, mata sukan kawo mini yara masu zawo, in na tambaya sai a ce ruwan kududdufi ake sha. Ruwan nan yana wari, wani lokaci har da maganin feshi da ya gangaro daga gona.

Gawayi yana da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, su ne ke kama wari da ɗanɗano da wani ɓangare na maganin feshi. A masana'anta ana hura masa tururi mai zafin digiri 800 ko fiye, ramukan su ƙaru ƙwarai. Naka na gida bai kai wannan ƙarfi ba, amma yana taimako.

Ka cika garwa mai tsabta da busasshiyar totuwa ko ɓawon gyaɗa. Lalle ba wadda aka taɓa zuba maganin ƙwari ba. Ka rufe, ka huda murfin kaɗan, ka haɗa wuta kewaye da ita a fili, domin hayaƙin yana kisa a cikin ɗaki. In hayaƙi ya daina fita, ka toshe hudar da laka, ka bari ta huce. Wanda ya yi gaggawar buɗewa toka zai tarar. A daka gawayin ya zama kamar ƙwayar dawa, a tankaɗe garin, a wanke. Sai a huda gindin tulu, a shimfiɗa ƙyalle, a zuba tsakuwa, sa'an nan gawayi, yashi wankakke a bisa. Ruwan ya riƙa ɗiga cikin randa.

Amma ka ji da kyau. Gawayi ba ya kashe ƙwayoyin cutar kwalara ko taifot. Ruwa ya fito garau, mutum ya sha ya kwanta. Uwar gida ta tafasa shi, ya yi minti 1 yana tafasa sosai. Kada kuma ka dogara da shi inda ake wanke ƙasar zinariya. Gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Irin wannan ruwa a bar shi, a gaya wa ma'aikatan lafiya.

Da zarar wari ya fara dawowa, gawayin ya ƙoshi. Ka zubar, ka sa sabo.