Kafintocin Madawa, Buza da Keita da neman kayan gyaran magogin gurbi

A gundumomin Madawa, Buza da Keita, cikin jahar Tawa, iskar hunturu da ruwan damina su ne ke nuna gwanintar kafinta. Ƙofar da ba ta zauna daidai cikin gurbinta ba, ƙura za ta bi ta ratarta, ruwa ya biyo baya. Wannan gurbi da ake fafewa a gefen katako, domin ƙofa ko taga ko gilashi su kwanta ciki, da wani magogi na musamman ake yin sa, wanda Faransawa ke kira guillaume. Bambancinsa da magogin da aka saba gani shi ne wuƙarsa ta kai faɗin jikinsa duka, har ta ɗan leƙo waje, don ta isa lungu.

Wanda ya ce injin lantarki ya kore wannan ma'aikaci, sai ya tuna da watan Agusta na shekara ta 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar. A ranakun nan, kamar yadda yake kullum a ƙauyukan da waya ba ta kai ba, mai kayan hannu shi ne ya ci gaba da aiki. Matsalar ita ce da wuya magogin nan ya mutu gaba ɗaya. Ɗan ƙaramin abu ne ke ɓacewa cikin dusar katako, sai a jefa shi bayan akwati, alhali kuwa yana da sauran shekaru.

Matakin farko shi ne sanin irin wanda ake riƙe da shi, kuma iri biyu ne. Akwai na itace, wanda ba shi da komi sai jiki, da wuƙa, da ɗan itacen da ake dokawa ya matse ta. Sunan masana'anta a jikin wuƙar ake buga shi. A ƙasashen da Faransa ta yi mulki an fi sanin Peugeot Frères mai tambarin zaki, da Goldenberg ta yankin Alzas. Akwai kuma na ƙarfen zubi, wanda ya fi shahara cikinsu shi ne lamba 78 na kamfanin Stanley na Amurka, da ya fito tun cikin shekarun 1880. Kamfanin Record na birnin Shefil a Ingila ya yi irinsa mai lamba 078, da wani mai lamba 778, kamfanin Anant na Indiya shi ma ya kwaikwaye shi. A wannan iri, lamba tana jikin ƙarfen. In tsatsa ta rufe ta, kananzir da burushin waya za su fito da ita.

Abubuwa biyar ne suka fi ɓacewa daga na ƙarfe: wuƙa, mai faɗin inci ɗaya da rabi, wato milimita 38, murfin da ke danne ta, jagorar da ke bin gefen katako tare da sandarta, ɗan ƙarfen da ke tsayar da zurfin gurbi, da ƙaramin haƙorin da ke tsaga katako gaban wuƙa in ana yanka a gicciye. Jagorar lamba 78 sanda ɗaya gare ta, ta lamba 778 kuwa biyu, saboda haka wannan ba ta shiga wancan. Babban tarkon yana ga sukuru. An yanka haƙoransa bisa ma'aunin inci, wani lokacin ma bisa ma'aunin kamfanin shi kaɗai, sukurun da ke kantunan Nijar kuwa galibi na milimita ne. Wanda ya murɗa shi da ƙarfi zai cinye haƙoran ramin, ya mai da ƙaramar asara babba. Don haka kafinta mai hankali ba ya aiken direba da baki. Ko ya ba da magogin kansa, ko ya kwantar da shi bisa takarda ya zana shi, ya rubuta lamba da awo.

Sai tambayar inda za a nufa. Madawa tana bisa babbar hanya mai lamba 1, tsakanin Ƙonni da Maraɗi, motocin albasa suna kai da komo, saboda haka saƙo ya fi saurin isa gare ta. Mutanen Buza da Keita kuwa sai sun gangaro Madawa ko sun nufi Tawa. Daga nan akwai kasuwar Katako ta Yamai da kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, inda tsofaffin ƙarafa ke taruwa. Amma neman sukuru guda cikin tulin ƙarfe allura ce cikin ruwa. Dabarar da ta fi ita ce a sayi karyayyen magogi mai lamba iri ɗaya, a cire abin da ake bukata, a adana saura. Ta intanet ma ana samun kayan, sai dai kuɗin aikowa kan fi kuɗin abin.

Dogara ga waje yana da haɗarinsa. A watan Janairu na 1994 an karya darajar kuɗin sefa da rabi, kayan ƙetare suka yi tsada. Najeriya ta rufe iyakokinta daga 1984 zuwa 1986, ta sake rufewa daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, aka kuma rufe ta Nijar daga 2023 zuwa watan Maris na 2024. Zanen aro ba ya rufe katara.

A nan ne maƙeri ya shigo. Daga tsohon magagari ko ƙarfen sifirin na mota yana iya ƙera wuƙa. Ya gasa ta har ta yi ja, ya tsoma cikin mai, ya sake ɗumama ta a hankali har bakin ya yi launin busasshiyar ciyawa, domin kada ta yi gautsi. Abin lura shi ne kada faɗinta ya gaza na jikin magogin ko da kaɗan, in ba haka ba gurbi zai fito hawa-hawa kamar matakala. Jagora kuwa ana iya yin ta da itace, ramin da haƙoransa suka cinye a sake yanka shi bisa milimita. Jikin ƙarfen zubi ne kaɗai ba ya son gyara: in ya faɗi ya tsage, walda kan karkata shi.

Shi kuwa na itace, kafinta da kansa yake sassaƙa shi daga busasshiyar kirya ko aduwa. Yankin da aka fara dasa jerin itatuwan bedi masu tare iska a kwarin Majiya a 1975, aka kuma buɗe babban aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984 da taimakon Italiya, ya san darajar itace da aikin hannu.

Ya kamata kafintocin kowane gari su haɗa kai su ajiye akwati guda na tsofaffin kayan gyara, su kuma koya wa almajiransu karanta lamba da awon milimita tun ranar da suka fara riƙe zarto. Kowane maraice a ƙirga sassan magogi kafin a share dusa.