Me ya haɗa gudun mota da kuɗin wuta a hanyoyin cikin dutse?

Alhazan da suka je Makka da 'yan uwanmu mazauna Turai sun san hanyoyin mota da aka huda cikin dutse, waɗanda ake ce ma tunel. Abin mamaki, fitilunsu sun fi shan lantarki da rana tsaka, ba da dare ba.

Ga dalili. In ka fito daga rana ka shiga ɗaki, ido sai ya ɗan jima kafin ya gani. Haka direba yake a bakin tunel. Shi ya sa ake cika mashigar da fitilu masu ƙarfi, gwargwadon tazarar da mota ke buƙata kafin ta tsaya. In gudu ya ninka biyu, tazarar birki ninki huɗu take yi.

To, in hukuma ta rage gudu, misali daga kilomita 100 a awa zuwa 70, tazarar ta ragu, hasken da ake buƙata ya ragu, kuɗin wuta su sauka.

Amma fa da sharaɗi: sai direbobi sun bi dokar. Wanda ya taka wuta inda aka rage haske, da makanta zai shiga ramin. Allah ya tsare.