Saita kwamfuta inda wuta da intanet ba su da tabbas

Kowace kwamfuta tana aiki ne ƙarƙashin babbar manhaja, wato tsarin da ke shiga tsakanin mutum da sassan na'urar, kamar Windows, ko Linux da Linus Torvalds ya faro a 1991, kuma saitin da take zuwa da shi an yi shi ne domin ofishin da wuta ba ta ɗaukewa, intanet kuma ba ta yankewa. A Falanko, cikin gundumar Tanut ta ƙasar Damargu a jihar Damagaram, ba haka abin yake ba, don haka mai girka kwamfuta a ofis ko makaranta sai ya sake saitin da hannunsa.

Firinta da sauran sassa suna buƙatar direba, ƙaramar manhajar da ke koya wa babbar yadda za ta sarrafa su, kuma gara a sauko da shi tun a birnin Damagaram. Allon bugun rubutu na Faransanci, mai jerin AZERTY, ba shi da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, sai an ƙara masa tsarin Hausa.

Ma'ajiyar bayanai ce ta fi cancantar natsuwa, domin a kanta ɗaukewar wuta ke yin ɓarna. Tsarin ajiya na NTFS da ext4 kan rubuta abin da zai canza a wani kundi kafin ya canza shi, ta yadda idan batirin sola ya mutu ana cikin aiki, manhaja za ta duba kundin ta gyara kanta, alhali FAT32 na kan filas ba ya wannan tanadi, kuma ba ya ɗaukar fayil da ya kai gigabait 4. Raba faifai gida biyu, ɗaya na manhaja ɗaya na takardu, yana ba da damar sake girka tsarin ba tare da taɓa rajistar ɗalibai ba, ko da yake faifan da ya mutu yakan tafi da gidajen biyu.

Intanet kuwa galibi ta wayar salula ake jawo ta, da layin Airtel, Moov ko Zamani, inda wayar ke ba kwamfuta adireshin IP, lambar da ake gane na'ura da ita a hanyar sadarwa. Wajibi ne a shaida wa Windows cewa haɗin na awo ne, in ba haka ba sabunta kanta za ta cinye data kafin a aika wasiƙa ɗaya. Akwai kuma batirin agogo, mai faɗin kwabo, da ke cikin tsofaffin kwamfutoci: idan ya ƙare kwanan wata yakan koma baya, shafukan intanet masu tsaro su ƙi buɗewa, a yi ta ɗora wa kamfanin waya laifin da ba nasa ba.