Kafin Ka Sauya Kamfanin da Ke Riƙe da Sunan Shafinka

Daga Sandamu zuwa Daura, makarantun kuɗi, ƙungiyoyin manoma da masu sayar da kaya ta waya sun fara buɗe shafukan intanet nasu. Galibinsu ba su san cewa sunan shafin, wato adireshin da ke ƙarewa da .com ko .ng, haya ake yi duk shekara ba. Ana biya ne a hannun kamfanin rajista, kuma ranar da mutum ya so ɗauke sunansa zuwa wani kamfani, ranar zai san irin mutanen da yake hulɗa da su.

Dalilin ƙaurar a fili yake. A 2022 bankuna da dama sun hana biyan kuɗin waje da katin naira, sannan darajar naira ta zube bayan Yunin 2023. Mai suna a kamfanin Amurka ya ga kuɗin sabuntawa ya haura, sai ya nemi dawowa kamfanin gida da ke karɓar naira. Wani kuma gudu yake daga kamfanin gida da ba ya ɗaga waya.

A nan wahalar take farawa. Ka tura saƙo, na'ura ta amsa maka cewa an karɓi kokenka. Kwana uku shiru. Ka sake turawa, wani ma'aikaci daban ya tambaye ka abin da ka riga ka faɗa tun farko. Wasu sai su yi ta lallashi da rangwame maimakon su ba ka abin da ka nema. Wannan jan ƙafa ne, kuma yana tasiri ne kan wanda bai san haƙƙinsa ba.

Sunaye irin su .com, .net da .org suna ƙarƙashin dokokin ICANN, hukumar da aka kafa a 1998. Dokarta ta ce idan mai suna ya nemi lambar sirrin ƙaura, wadda ake kira EPP, dole kamfani ya ba shi cikin kwana 5 tare da cire makullin da ke kan sunan. Idan sabon kamfani ya shigar da buƙatar, tsohon kuma ya yi gum, ƙaurar takan kammala da kanta bayan kwana 5. Amma kada ka zargi kamfani a inda yake da gaskiya: yana iya hana ƙaura cikin kwana 60 na farko bayan rajista, ko bayan wata ƙaurar, haka ma idan ka canza bayanan mai suna kwanan nan. Sunayen .ng kuwa ƙungiyar NiRA ce ke kula da su, wadda aka kafa a 2005, kuma ita ce ke tantance kamfanonin da ke sayar da su, don haka ƙorafinsu can ake kai shi. Na .com, ICANN tana da sashen karɓar ƙorafin ƙaura a shafinta, kyauta. Hukumar kare masu saye, FCCPC, ita ma tana sauraren koke kan kamfanonin cikin gida.

Sai dai a ganina babban ramin da mutanenmu ke faɗawa yana kusa da gida. Mai makaranta ya ba wani yaro mai ilimin kwamfuta kwangilar shafi, yaron ya yi rajista da sunansa da imel ɗinsa. Ya tafi bautar ƙasa ko ya koma Kano, layinsa ya daina shiga. A wajen kamfani yaron ne mai suna, kai baƙo ne, tamkar wanda ya gina gida alhali takardar filin na ɗauke da sunan magini. Lambar sirri imel ɗin yaron za a tura wa, kuma komai faɗan da ka yi da ma'aikacin kamfani ba zai ba ka ita ba. Yau ɗin nan ka tambaya: sunan wa ke kan rajistar, imel ɗin wa, wa ke riƙe da kalmar shiga?

Lokaci ma yana cin mutane. Wanda ya bari saura mako guda wa'adi ya cika kafin ya fara neman ƙaura ya ba kamfani wuƙa da nama. Idan .com ya mutu har aka goge shi, akwai kwana 30 na fansa, da tara mai tsada, bayan haka kwana 5 sai ya koma kasuwa kowa ya iya saye. Ka fara da wata biyu a hannu. Ba za ka yi asara ba, domin kuɗin ƙaurar .com yakan ƙara maka shekara ɗaya a kan wa'adinka.

Kamfanoni kuma suna mutuwa. A 2007 ICANN ta soke lasisin RegisterFly na Amurka bayan koke-koken abokan hulɗarsa, sai kamfanin GoDaddy ya karɓi sunaye fiye da 800,000 daga hannunsa. Saboda haka ka adana rasit, da hoton shafin da ke nuna sunanka da ranar ƙarewar wa'adi, kuma duk magana da kamfani ka yi ta a rubuce. Wanda zai duba ƙorafinka kwanan wata da lambar koke zai fara tambaya.