Nauyi ko Ƙarfi: Tsakanin Mota Mara Rufi da Golf Mai Zafin Inji

A watan Oktoba na 1980 aka rufe masana'antar motoci ta MG da ke garin Abingdon a Ingila, bayan ta shafe shekara 18 tana ƙera MGB, wata ƙaramar mota mai kujera biyu da rufin tamfol da ake naɗewa. A wannan shekarar ce kuma kamfanin Triumph ya daina ƙera takwararta, Spitfire. Mutane da yawa sun ɗauka a lokacin cewa zamanin ƙaramar mota mara rufi ya wuce ke nan. Dalilan faɗuwarta suna da yawa: ga tsauraran dokokin hayaƙi da na kariyar fasinja a Amurka, inda babbar kasuwarta take, ga kuma rikicin da ya dabaibaye masana'antun motocin Birtaniya. Amma akwai wani dalili da ya zo daga Jamus, kuma mai karatu ya san fuskarsa sarai.

Wannan dalili shi ne Golf, motar da ta cika tashoshin Kano da Katsina da Zariya tana jigilar fasinja. Kamfanin Volkswagen ya fito da ita a 1974 a matsayin ƙaramar motar iyali, irin wadda ake ɗaga ƙofar bayanta gaba ɗaya har da gilashi domin a zuba kaya. Sai wasu injiniyoyin kamfanin a Wolfsburg suka shiga yi mata kwaskwarima bayan tashi daga aiki. Suka sa mata inji mai lita 1.6 da ke fesa fetur ba ta hanyar kafireto ba, suka ƙarfafa ƙafafunta, suka rage mata tsayi. Aka nuna ta a bajekolin motoci na Frankfurt a 1975, aka soma sayar da ita a 1976 da sunan Golf GTI. Ƙarfinta doki 110 ne, nauyinta kuwa kilo 810. Kamfanin ya yi niyyar ƙera guda 5,000 kacal, amma kafin a sauya fasalinta na farko an ƙera fiye da 400,000.

Ba a wahala wajen gane abin da ya ja hankalin masu saye. Ga mota da za ta kai yara makaranta da safe, ta ɗauko buhun kayan masarufi da rana, sannan da yamma ta tsere wa MGB a kan hanya ba tare da ruwan sama ya jiƙa direbanta ba. Nan da nan sauran kamfanoni suka bi sahu. Ford ya fito da Escort XR3, Renault ya fito da 5 GT Turbo, Peugeot kuma, wanda muka sani ta masana'antarsa ta Kaduna, ya fito da 205 GTI a 1984, wadda har yau masu sha'awar motoci ke sa ta a sahun gaba. Haka aka haifi wani sabon jinsi: motar gida mai zafin inji.

Daga Japan aka farfaɗo da wadda aka ɗauka ta mutu. Wani ɗan jaridar motoci Ba'amurke, Bob Hall, ya ba Kenichi Yamamoto, babban injiniyan kamfanin Mazda wanda daga baya ya shugabance shi, shawarar a ƙera mota irin ta Ingila mara rufi, mai araha, wadda kuma ba za ta riƙa lalacewa ba. An kwashe shekaru kafin shawarar ta zama mota. Injiniyoyin, a ƙarƙashin Toshihiko Hirai, sun yi nazarin Lotus Elan ta 1962, motar da nauyinta bai kai kilo 700 ba. A watan Fabrairu na 1989 aka ƙaddamar da MX-5 a bajekolin Chicago. Injinta lita 1.6, ƙarfinta kimanin doki 115, nauyinta ƙasa da tan ɗaya. Kafin a daɗe ta zama motar wasanni mai kujera biyu da ta fi kowace kasuwa a tarihi, kuma a 2016 aka ƙera ta miliyan ɗaya a Hiroshima. Nasararta ce ta ƙarfafa wa wasu gwiwa, har aka ga BMW Z3 da MGF a 1995, da Porsche Boxster da Lotus Elise a 1996.

Tun daga nan waɗannan jinsuna biyu ke tafiya kafaɗa da kafaɗa a hanyoyin Turai, kuma sau da yawa a gida ɗaya. A Ingila ba baƙon abu ba ne ƙungiyar masu sha'awar tuƙi ta fita ranar Lahadi zuwa ƙananan hanyoyin karkara na Wales ko na Yorkshire, wasu a cikin GTI, wasu a cikin MX-5. Abin da ke faruwa a irin wannan tafiya shi ne ya cancanci a duba, domin yana nuna bambancin da alƙaluma ba sa nunawa.

A kan takarda babu gasa ko kaɗan. Golf GTI ta yau tana da ƙarfin doki 265, tana kai gudun kilomita 100 cikin kimanin daƙiƙa 6, kuma sai da aka ɗaure ta da na'ura don kada ta wuce kilomita 250 a awa. MX-5 mai ƙaramin inji, lita 1.5, ƙarfinta doki 132 ne, kusan rabin na GTI, kuma tana buƙatar fiye da daƙiƙa 8 kafin ta kai kilomita 100. Duk inda hanya ta miƙe, mai GTI zai taka totur ya bar mai MX-5 a baya. Ko a kwana ma, faffaɗan tayoyin GTI da na'urorinta na lantarki suna riƙe kwalta da ƙarfin da ƙaramar motar ba ta da shi.

Sai dai doka a Birtaniya ta tsayar da gudu a mil 60 a awa a kan irin waɗannan hanyoyi, wato ƙasa da kilomita 100 kaɗan. A wannan gudun GTI ba ta ma soma gumi ba. Cikinta shiru, sitiyarinta ba ya gaya wa direba komai, kuma ɗan taɓa totur kawai ya isa ya kai shi inda doka ta hana. Kafin ya ji motar tana aiki da gaske, sai ya kai gudun da zai iya raba shi da lasisinsa, ko da ransa. Mai MX-5 kuwa yana zaune dab da ƙasa, iska na kaɗa shi, yana jin ƙarar inji da ƙanshin ciyawar gefen hanya. Dole ya sauya giya da hannunsa a kan kari, ya auna birki, ya zaɓi inda zai shiga kwana don kada ya yi asarar ɗan gudun da ya tara. Yana amfani da kusan duk abin da motar ta mallaka alhali bai karya doka ba. Idan an isa masauki, mai GTI ne ke riga kowa zuwa, amma mai MX-5 ne ya yi tuƙi.

Akwai kuma bambancin gini. A GTI tayoyin gaba ne ke jan motar, su ne kuma ke juya ta, don haka aiki biyu suke yi a lokaci ɗaya, kuma yawancin nauyin yana gaba. A MX-5 tayoyin baya ke turawa, na gaba aikinsu juyawa kaɗai, kuma an raba nauyin kusan daidai tsakanin gaba da baya. Shi ya sa direba ke jin motar tana juyawa daga ƙugunsa. Mazda ta aro wa wannan hali suna daga tsohuwar al'adar Japanawa ta harbin kibiya a kan doki: jinba ittai, wato doki da mahayi sun zama jiki ɗaya. Duk wanda ya taɓa kallon gwanin mahayi a hawan sallah yana juya doki da gwiwa da ɗan motsin linzami ya san abin da ake nufi, ya kuma san cewa ba dokin da ya fi girma ne ya fi daɗin hawa ba.

Tushen duk wannan shi ne nauyi. Colin Chapman, wanda ya kafa kamfanin Lotus, ya gina sana'arsa a kan fahimtar cewa ƙarin ƙarfi yana amfani a miƙaƙƙiyar hanya ne kawai, ragin nauyi kuwa yana amfani a ko'ina. Mota mai nauyi tana buƙatar babban inji, babban inji yana buƙatar manyan birki da faffaɗan tayoyi da babban tanki, waɗannan kuma su ƙara mata nauyi. Idan aka rage nauyin, sai lissafin ya juya: ƙaramin inji ya isa, birki da tayoyi su daɗe, fetur ya yi auki. Lotus Elise ta farko kilo 725 ce, da ƙarfin doki 118, amma ta kunyata motocin da suka ninka ta ƙarfi. Kamfanin Caterham, wanda ya sayi haƙƙin ƙera Lotus Seven a 1973, yana sayar da wata mai inji ƙasa da lita ɗaya da nauyin da bai kai kilo 500 ba. Abin lura shi ne MX-5 ta yau tana nan kusa da tan ɗaya kamar kakarta ta 1989, alhali GTI ta tashi daga kilo 810 zuwa fiye da 1,400.

Kowane allazi da nasa amanu. Mallakar mota mara rufi tana da tsada irin wadda ba a biya da kuɗi. Kujera biyu ce tak, don haka mai iyali ba zai dogara da ita kaɗai ba. But ɗinta lita 130 ne, kusan kashi ɗaya cikin uku na Golf. A doguwar tafiya ƙarar iska da ta tayoyi tana gajiyar da mutum. Rufin tamfol yana tsufa, yana yoyo, kuma ɓarawo mai wuƙa ba ya buƙatar mabuɗi. Tsofaffin MX-5 sun yi ƙaurin suna a Birtaniya wajen tsatsa a ƙasan ƙofofi, saboda gishirin da ake watsawa a hanyoyi lokacin ƙanƙara. Sannan motar da tayoyin baya ke turawa tana iya juya wa direba baya a kan jiƙaƙƙiyar kwalta idan ya yi garajen totur, musamman tsofaffin da aka ƙera kafin Tarayyar Turai ta wajabta na'urar hana sulɓewa ga duk sabuwar mota a 2014. Mafi muni kuma, idan ƙaramar mota ta yi karo da babba, mutanen cikin ƙaramar ne suka fi jin jiki. Wannan doka ce ta halitta, kuma ƙwarewar direba ba ta soke ta.

Ita ma mai zafin inji tana da nata. A farkon shekarun 1990 ɓarayi da matasa masu tuƙin ganganci suka addabi irin waɗannan motoci a Birtaniya, har kuɗin inshorarsu ya yi tashin gwauron zabo, kasuwarsu ta durƙushe na wasu shekaru. Tayoyinta da birkinta suna da tsada, kuma sauƙin da take kai mutum ga babban gudu shi ne babban haɗarinta. Idan gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya yana ninka huɗu. Motar da ke ɓoye wa direba yawan gudunsa ta ɓoye masa wannan lissafi ke nan.

A yau jinsunan biyu duka suna fuskantar matsi daga dokokin hayaƙi da sauyawar kasuwa zuwa manyan motoci. An daina ƙera Lotus Elise a 2021, Ford Fiesta ST da Renault Megane RS kuma a 2023. Motocin lantarki da ke neman gadonsu suna da ƙarfi na ban mamaki, amma batir yana da nauyi: Hyundai Ioniq 5 N tana kai ƙarfin doki 650, nauyinta kuwa ya haura tan biyu, wato MX-5 biyu. Tana da gudu fiye da kusan duk motar da aka ambata a nan, sai dai an sa mata na'urar kwaikwayon ƙarar inji da sauyin giya domin direba ya ji wani abu.

Mai karatu a ƙasarmu zai ce wannan zancen Turai ne, kuma yana da gaskiya ta wani ɓangare. Mota mara rufi ba ta dace da zafin bazara ko ƙurar hunturu ba, cikinta yana dab da ƙasa ta yadda rami ɗaya ko tudun rage gudu zai iya illata ta, ga tireloli da tankoki da za ta yi gogayya da su. Bakanikenmu ya san Golf ciki da waje, kayan gyaranta kuma suna ko'ina. Wanda zai mallaki mota ɗaya tak a nan, hankali zai kai shi ga Golf. Amma hukumar kiyaye haɗurra ta tsayar da gudun ƙananan motoci a kilomita 100 a manyan hanyoyi, kuma mun sha ganin yadda wasan mota a bukukuwan aure ke juyewa zuwa zaman makoki. Matashin da ke auna darajar mota da lambar ƙarshe a agogon gudu yana sayen abin da ba zai more shi ba sai ya jefa kansa da wasu cikin haɗari.

Don haka tambayar da ta kamata mai sha'awar tuƙi ya yi kafin ya biya kuɗi ita ce: a wane gudu wannan mota take soma ba da daɗinta? Idan amsar ta wuce abin da hanya da doka suka yarda, to mafi yawan kuɗinsa ya tafi ga ƙarfin da zai kwana a cikin boneti. Injiniyoyin Hiroshima sun shafe fiye da shekara 30 suna aske giram-giram daga jikin mota ɗaya, kuma mutane fiye da miliyan ɗaya da suka saye ta sun nuna cewa akwai masu neman daɗin tuƙi a gudun da za su koma gida lafiya.